Yadda ake biyan harajin jiha a Amurka idan kana zaune a wata jiha kana aiki a wata

A Amurka ba gwamnatin tarayya kaɗai ke karɓar haraji daga albashi ba. Bayan fom 1040 da ake aika wa IRS, hukumar harajin tarayya, jihohi 41 da birnin Washington DC kowace tana da nata harajin kuɗin shiga, da nata fom, da nata doka. Jihohi tara ne ba sa taɓa albashi: Alaska, Florida, Nevada, New Hampshire, South Dakota, Tennessee, Texas, Washington da Wyoming. Wanda yake kwana yana aiki a jiha ɗaya ba shi da wata matsala. Rigimar tana tasowa ne ga ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Newark ta jihar New Jersey tana aiki a asibitin Manhattan a New York, ko direban da ke ɗaukar fasinja daga Bronx zuwa Connecticut, ko wanda kamfani ke turawa jihohi uku a shekara, ko mai aiki daga gida da ofishinsa ke wata jiha.

Ƙa'idoji biyu ne ke tafiyar da komai. Jihar da kake mazauninta tana da hakkin haraji a kan duk abin da ka samu, ko a ina ka same shi, har da kuɗin hayar gidan da ka bayar a Kaduna ko Maraɗi. Jihar da ba ka zaune a cikinta kuwa tana da hakki ne kawai a kan abin da ka samu a ƙasarta, kuma ga albashi abin da ake dubawa shi ne inda jikinka yake lokacin da ka yi aikin. Saboda haka dala ɗaya tana iya shiga hannun jihohi biyu. Abin da ke hana a biya sau biyu shi ne rangwamen da jihar zamanka ke yi maka na harajin da ka riga ka biya wata jiha. Rangwamen ba ya zuwa da kansa, sai ka nema a fom, kuma yana da iyaka. A ƙarshe abin da yawancin mutane ke biya shi ne mafi tsadar harajin jihohin biyu.

Fara da tantance inda kake mazauni

Hanyoyi biyu ne jiha ke bi ta kira ka mazauninta, kuma ko ɗaya ta kama ka ya isa.

Ta farko ita ce gidan dindindin: wurin da ka ɗauka nan ne gida, inda kake nufin komawa duk inda ka je. Mutum ba ya da irin wannan gida fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma ba ya canzawa sai ka bar tsohon da gaske ka kafa sabo da gaske. Masu binciken haraji na New York, waɗanda sun yi suna wajen tsanani, suna duba abubuwa biyar: girman gidajenka da yadda kake amfani da kowanne, inda harkar sana'arka take, inda ka fi yin kwanaki, inda ka ajiye kayan da ka fi ji da su, da inda iyalinka suke, musamman makarantar yara. Canza lasisin tuƙi zuwa Texas alhali mata da yara suna Brooklyn ba ya gamsar da kowa. Haka nan tafiya gida Najeriya ko Nijar na wata uku ko huɗu ba ta cire ka daga mazaunan jiharka. New York tana da sassauci ga wanda ya daɗe a ƙasar waje, amma sai ya yi kwana 450 a waje cikin kwana 548 a jere, tare da wasu sharuɗɗa kan kwanakin da shi da iyalinsa suka yi a jihar.

Ta biyu ƙidayar kwanaki ce. A New York, New Jersey, Connecticut, Pennsylvania, Massachusetts da wasu da dama, idan kana da wurin zama na dindindin a jihar, ko da na haya ne, kuma ka wuce kwana 183 a cikinta, ka zama mazauni a idon doka ko da gidanka na gaskiya yana wata jiha. A New York ɗan yankin yini ma rana ce cikakkiya: ka shigo cin abincin dare ka koma, an ƙirga. Wucewa kawai a hanyar tafiya da kwanciyar asibiti ne ba a lissafawa.

Haɗarin a nan shi ne jihohi biyu su kira ka mazauni a shekara ɗaya. A kan albashi ana iya samun rangwame, domin an san inda aka yi aikin. A kan kuɗin ruwan banki, ribar hannun jari da makamantansu kuwa, kowace jiha tana iya cewa nata ne, kuma babu mai rage maka. Duk wanda ya kama ɗaki kusa da wurin aiki a wata jiha don gudun doguwar tafiya, ya riƙa ƙirga kwanakinsa tun daga Janairu.

Abu ɗaya da ke rikita ɗalibai da masu bizar aiki: matsayinka a harajin tarayya daban, matsayinka a jiha daban. Ɗalibi mai bizar F-1 da ke cike 1040-NR, fom ɗin wanda ba mazauni ba, a matakin tarayya yana iya zama cikakken mazauni a wurin jihar da yake karatu. A duba dokar jihar da kanta.

Duba ko akwai yarjejeniya tsakanin jihohin biyu

Wasu jihohi maƙwabta sun ƙulla yarjejeniyar ban gishiri in ba ka manda: ni ba zan taɓa albashin mutanenka ba, kai ma kada ka taɓa na nawa. Inda akwai ta, jihar zamanka kaɗai kake biya, fom ɗaya kake cikewa. Ga waɗanda suka fi shafar mutane:

New Jersey da Pennsylvania. Maryland da DC, Virginia, West Virginia da Pennsylvania. Virginia da DC, Maryland, West Virginia, Kentucky da Pennsylvania. Illinois da Iowa, Kentucky, Michigan da Wisconsin. Ohio da dukkan maƙwabtanta biyar, wato Indiana, Kentucky, Michigan, Pennsylvania da West Virginia. Minnesota da Michigan da North Dakota, amma tata da Wisconsin ta ƙare tun 2010. Shi birnin DC dokar tarayya ta 1973 da ta ba shi ikon mulkin kansa ta hana shi karɓar haraji daga albashin wanda ba mazauninsa ba, ko daga wace jiha ya fito. New York ba ta da irin wannan yarjejeniya da kowa, haka ma Connecticut, Massachusetts da Delaware.

Yarjejeniyar ba ta fara aiki sai ka miƙa wa sashen biyan albashi takardar shaida. Mazaunin Pennsylvania mai aiki a New Jersey yana ba da NJ-165. Mazaunin New Jersey mai aiki a Pennsylvania yana ba da REV-419. A Maryland MW507 ne, a Virginia VA-4, a DC D-4A, a Illinois IL-W-5-NR. Bayan ka miƙa, duba takardar albashinka ta gaba ka ga sunan jihar da ake cire wa kuɗin. Wani lokaci kamfani yana daina cire wa jihar aiki amma bai fara cire wa jihar zamanka ba, domin bai yi rajista a can ba. In haka ta faru, kai za ka riƙa biyan jiharka da kanka sau huɗu a shekara, in ba haka ba Afrilu ta zo maka da bashin shekara guda da tara a kai.

Idan an riga an cire wa jihar da bai kamata ba, kada ka nemi rangwame a jiharka, za ta ƙi, tunda kuɗin ba hakkin waccan jihar ba ne tun farko. Za ka biya jiharka cikakke, sannan ka nemi waccan ta mayar maka: a Virginia da 763-S, a DC da D-40B, a New Jersey da NJ-1040NR mai nuna cewa babu albashin da ya hau kanta. Tsakanin biya da dawowar kuɗin ana iya ɗaukar watanni, saboda haka gyara tun farkon shekara ya fi.

Yarjejeniyar albashi kaɗai ta rufe. Kuɗin da ke zuwa a fom 1099, wato wanda ba albashi ba, ribar sana'ar kanka, hayar gida da cin caca ba sa cikinta.

Raba albashi bisa kwanakin aiki

Inda babu yarjejeniya kuma ka yi aiki a jiha fiye da ɗaya ga kamfani ɗaya, ana raba albashin ne da kwanaki. Daga kwana 365 cire Asabar da Lahadi da ba ka yi aiki ba, ranakun hutun gwamnati, hutun shekara da kwanakin rashin lafiya. Abin da ya rage su ne kwanakin aiki, galibi kusan 240 ga mai aikin ofis. Misali albashinka dala 96,000 ne, kwanakin aiki 240, kuma 60 daga ciki a New York ka yi su. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, wato dala 24,000 ita ce kuɗin New York. Wannan lissafin a fom IT-203-B ake yin sa.

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi ba tare da sun sani ba. A takardar W-2, wato bayanin albashin shekara da kamfani ke ba ma'aikaci, akwati na 15 yana ɗauke da sunan jiha, na 16 albashin jihar, na 17 abin da aka cire mata. New York tana tilasta wa kamfani ya rubuta dukkan albashin shekara a akwati na 16, daidai da abin da ke akwati na 1, ko da wata biyu kacal ka yi a jihar. Idan ka kwafe wannan adadi a manhajar haraji ka wuce, ka yarda ke nan cewa duk dala 96,000 a New York ka same ta. Sai ka shiga sashen rabon kwanaki ka gyara da hannunka.

Kwana nawa ne ke wajabta cike fom a jihar da ka je aiki na ɗan lokaci? Babu amsa ɗaya. A jihohi da yawa tun ranar farko hakki ya hau. Illinois da Indiana sun sa iyakar kwana 30, Connecticut kwana 15, Maine kwana 12 tare da samun fiye da dala 3,000. New York tana da ƙa'idar kwana 14, amma ta kamfani ce: tana ba shi damar kada ya cire haraji, ba ta ɗauke wa ma'aikaci wajibcin cike fom ba. An sha gabatar da ƙuduri a majalisar tarayya don a sa kwana 30 a ko'ina, har yanzu bai zama doka ba.

Hujjar kwanaki a wuyanka take. Ajiye jadawalin aiki, tikitin jirgi, rasidin otal, bayanan E-ZPass na biyan kuɗin hanya da katin shiga ofis. Masu bincike suna neman bayanan wayar salula da na katin banki, kuma ranar da ba ka da shaidar inda kake sukan ƙirga ta a nasu ɓangaren. Ƙaramin littafi ko kalandar waya da ake rubutawa kullum ta fi abin da aka zauna aka tuno bayan shekara biyu ƙarfi nesa ba kusa ba.

Tsarin cike fom da lissafin rangwame

Bi wannan jeri, domin kowane mataki yana buƙatar adadi daga wanda ya gabace shi.

Na ɗaya, kammala 1040 na tarayya. Na biyu, cike fom ɗin baƙo, wato na wanda ba mazauni ba, na kowace jihar da ka yi aiki: IT-203 a New York, NJ-1040NR a New Jersey, 505 a Maryland, 763 a Virginia, 540NR a California, CT-1040NR/PY a Connecticut. Na uku, cike na jihar zamanka, ka sa dukkan kuɗin shigarka, sannan ka nemi rangwame: IT-112-R ga mazaunin New York, NJ-COJ a New Jersey, 502CR a Maryland, OSC a Virginia, G-L a Pennsylvania, CR a Illinois, S a California. Jihohi da dama suna son a haɗa kwafin fom ɗin waccan jihar, kuma rashin sa kaɗai ya isa a soke rangwamen.

Rangwamen shi ne mafi ƙanƙanta cikin abu biyu: harajin da waccan jihar ta ɗora a kan kuɗin, ko harajin da jiharka za ta ɗora a kan wannan kuɗin. Pennsylvania ta fi sauƙin misali domin harajinta bai ɗaya ne, kashi 3.07 cikin ɗari. Mazauninta ya samu dala 40,000 a New York, mu ƙaddara New York ta karɓi dala 1,700. Harajin Pennsylvania a kan wannan kuɗi dala 1,228 ne, nan rangwamen ya tsaya. Ba zai biya Pennsylvania komai a kai ba, amma ragowar dala 472 ba mai mayar masa. A juya lamarin: mazaunin New York ya samu dala 40,000 a Pennsylvania, ya biya 1,228 a can. In harajin New York a kan kuɗin ya kai dala 1,900, za a rage masa 1,228 ya cika 672. Wannan cikon ne ke ba mutane mamaki a Afrilu, domin duk shekara ba a cire wa jiharsu ko sisi ba. Maganinsa a roƙi kamfani ya ƙara cirewa, ko a riƙa biyan ƙiyasi, wato ka ƙiyasta harajin ka biya da kanka sau huɗu a shekara.

Kuskuren da ya fi yawa: sa adadin akwati na 17 a matsayin harajin da aka biya. Abin da aka cire daban, abin da ya hau kanka daban. In an cire dala 2,100 amma fom ɗin baƙo ya nuna 1,700, dala 400 za ta dawo maka daga can, kuma 1,700 ce za ka kai jiharka. Jihohi suna musayar bayanai, bambancin zai fito.

Ka kuma sani cewa New York, California, New Jersey da wasu suna lissafa harajin baƙo kamar a ce duk kuɗinsa nasu ne, sannan su ɗauki kasonsu. Shi ya sa fom ɗin ke tambayar dukkan abin da ka samu, har da albashin matarka ko mijinki in tare kuka cike. Ba suna karɓar haraji a kan wancan kuɗin ba ne kai tsaye, suna amfani da shi ne wajen ɗaga matakin da za su caje ka. Kada ka ɓoye shi da tunanin bai shafe su ba.

Akwai kuma 'yan jihohin da suka juya tsarin. Mazaunin California da ya yi aiki a Arizona, Oregon ko Virginia, a fom ɗin baƙo na can yake neman rangwamen, saboda haka na California zai fara kammalawa.

Mazaunin New Jersey mai aiki a New York ya lura da wani abu: albashi a dokar New Jersey yakan fi wanda ke W-2 yawa. Jihar ba ta yafe kuɗin inshorar lafiya da ake cirewa kafin haraji, ba ta yafe ajiyar ritaya ta 403(b) da ma'aikatan asibitoci da makarantu ke yi, ba ta yafe HSA, asusun ajiyar kuɗin magani. Sai a ɗauko takardar albashi ta ƙarshen Disamba a mayar da waɗannan cikin lissafi. Pennsylvania ita kuma ba ta yafe ajiyar ritaya ta 401(k).

Wanda ke zaune a jiha marar haraji ba shi da wurin neman rangwame. Mazaunin Houston ta Texas da aka tura aiki Louisiana ko Oklahoma, ko mazaunin New Hampshire mai aiki a Boston, zai biya jihar aikin cikakke, shi ke nan. Haka kuma harajin da ka biya wata ƙasa: gwamnatin tarayya tana rage shi ta fom 1116, amma California da New Jersey ba sa ragewa, New York kuwa lardunan Kanada kaɗai ta amince da su. Amurka ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Najeriya, Nijar ko Ghana, don haka babu wata kariya ta nan.

Aiki daga gida

Bisa ƙa'idar asali, ranar da ka yi aiki a falonka ranar jihar zamanka ce. Amma wasu jihohi suna da doka mai cewa: in ofishinka yana wurinmu kuma don jin daɗin kanka kake aiki daga gida, ba don kamfani ya tilasta ba, to ranar tamu ce. New York ce ta fi ƙarfafa ta, akwai ta kuma a Delaware, Nebraska da Pennsylvania. Connecticut tun 2019 da New Jersey tun 2023 suna aiki da ita a matsayin ramuwa, a kan mazaunan jihohin da ke da irin dokar kaɗai.

An kai ƙara an faɗi. A 2005 babbar kotun jihar New York ta yanke hukunci a shari'ar Huckaby, wani ma'aikacin kwamfuta mazaunin Tennessee da ke yin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikinsa a New York, ta ce jihar tana iya karɓar haraji a kan dukkan albashinsa. A 2021 kotun ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar da New Hampshire ta kai Massachusetts kan irin wannan doka ta lokacin annobar korona. A ganinmu dokar ba ta yi wa ma'aikaci adalci ba, tunda ana karɓar kuɗi a kan ranakun da bai taka titin jihar ba, amma ita ce ke aiki, kuma wanda ya yi kamar babu ita zai ga wasiƙa.

Don ranar gida ta fita daga lissafin New York, sai gidan ya zama ofishin kamfani na gaskiya a idon jihar. Ko dai aikin yana buƙatar wasu kayan aiki na musamman da ke gidan ko kusa da shi waɗanda babu su a ofis, ko kuma a cika sharuɗɗa huɗu daga wani jeri da uku daga wani, irin su kamfani ya sa aikin gida cikin sharaɗin ɗaukar aiki, ya biya kuɗin ofishin gidan, kuma bai ware maka tebur a New York ba. Wasiƙar da ta ce an yarda ka yi aiki daga gida ba ta wadatar. Hanya mafi tsabta ita ce kamfani ya mayar da kai ƙarƙashin ofishinsa na wata jiha a rubuce, in yana da shi.

Wannan ya shafi masu zuwa gida hutu su ci gaba da aiki ta intanet. Mazaunin New Jersey da ofishinsa ke Manhattan, in ya yi wata biyu a Kano yana aiki da kwamfutarsa bisa zaɓin kansa, New York za ta ƙirga waɗannan kwanaki nata ne, New Jersey kuma tana nan a matsayin jihar zamansa. Tafiyar ba ta rage komai ba. New Jersey tana ba da rangwamen abin da New York ta karɓa ta wannan hanya, amma ba kowace jiha ke yi ba. Wata za ta ce a ƙasata ka yi aikin, ban ga dalilin ragewa ba, kuma a nan ne ake biya sau biyu da gaske. Kafin ka karɓi aikin nesa daga kamfanin New York, tambayi hukumar harajin jiharka matsayinta.

Harajin birane da gundumomi

Akwati na 18 zuwa 20 a W-2 na waɗannan ne, kuma yarjejeniyar jihohi galibi ba ta taɓa su. Harajin birnin New York, wanda ke tsakanin kashi 3 da 3.9 cikin ɗari, mazaunan birnin kaɗai ke biya tun da aka soke na masu shigowa aiki a 1999. In kana zaune a Jersey City ka ga ana cire maka shi, kuskure ne, ka gyara fom IT-2104. Yonkers tana karɓar rabin kashi ɗaya daga baƙo mai aiki a cikinta. Philadelphia tana karɓa daga kowa, kusan kashi 3.4 daga baƙo, duk da yarjejeniyar Pennsylvania da New Jersey. Mazaunin New Jersey yana neman rangwamensa a NJ-COJ, kuma da yawa suna mantawa. Detroit kashi 2.4 ga mazauni, 1.2 ga baƙo. St. Louis da Kansas City kashi 1. A Ohio ɗaruruwan garuruwa ne ke da nasu, kuma kowane gari shi ke yanke yawan rangwamen da zai ba mazauninsa. A Maryland harajin gunduma yana cikin fom ɗin jiha, kuma tun hukuncin kotun ƙoli a shari'ar Wynne a 2015 dole rangwamen ya shafe shi shi ma.

Sana'o'in da ke da doka ta daban

Direban babbar mota da ke aiki ƙarƙashin kamfanin jigila tsakanin jihohi, wanda aikinsa na yau da kullum ke ratsa jiha biyu ko fiye, dokar tarayya ta ce jihar zamansa kaɗai za ta karɓi haraji daga albashinsa. Haka ma'aikatan jirgin ƙasa. Ma'aikatan jirgin sama suna biyan jihar zamansu da kuma jihar da suka samu fiye da rabin albashinsu a cikinta, in akwai. Soja ba ya zama mazaunin jiha don kawai an tura shi can, kuma tun 2009 aka faɗaɗa kariyar zuwa matarsa ko mijinta. Kuɗin fansho jihar zama kaɗai ke taɓawa tun 1996, ko da a wata jiha aka tara shi.

Direban Uber ko Lyft ba ya cikin wannan kariya. Mai sana'ar kansa ne, ba a cire masa komai, kuma ribar aikin da ya yi a wata jiha ta wannan jihar ce. Ya riƙa sauke rahoton tafiye-tafiyensa kowane wata ya ware su jiha jiha. Mai aikin kwangila ta intanet ya yi hattara da California, wadda ke duba inda abokin ciniki ya amfana da aikin, don haka tana iya neman haraji daga wanda bai taɓa zuwa jihar ba.

Ma'aikatan jinya masu yawon kwangilar mako 13 sukan ƙare shekara da jihohi uku ko huɗu a W-2. Kowace tana buƙatar fom ɗin baƙo, kuma rangwamen kowace daban ake lissafa shi, ba a haɗe ba. Alawus ɗin gida da abinci ba ya shiga haraji ne kawai in ma'aikaciyar tana riƙe da gidanta na asali tana biyan kuɗinsa, kuma aikin na wucin gadi ne. Da zarar zama a wuri ɗaya ya nuna zai wuce shekara, alawus ɗin ya koma albashi.

Idan ka yi ƙaura a tsakiyar shekara

Kowace jiha za ka cike mata fom ɗin mazaunin ɓangaren shekara, misali 760PY a Virginia, ko IT-203 a New York. Abin da ka samu kafin ranar ƙaura na tsohuwar jiha ne, na bayanta na sabuwa. Ajiye takardar albashi mafi kusa da ranar, da yarjejeniyar haya ko ta sayen gida, da rasidin masu ɗaukar kaya. Sanar da sashen albashi a makon, domin sukan ci gaba da cire wa tsohuwar jiha har sai an faɗa musu. Garaɓasar ƙarshen shekara da hannun jarin da kamfani ke bai wa ma'aikaci suna bin inda aka yi aikin da ya jawo su, saboda haka tsohuwar jiha tana da kaso ko da bayan ka tashi aka biya. In kuma ka ƙaura amma ba ka bar aikin tsohuwar jihar ba, daga ranar ka zama baƙo mai aiki a cikinta, lissafin rangwame ya fara.

Ranaku, tara da tsofaffin shekaru

Yawancin jihohi 15 ga Afrilu suke karɓa, kamar tarayya. Hawaii 20 ga Afrilu, Delaware da Iowa 30 ga Afrilu, Virginia 1 ga Mayu, Louisiana 15 ga Mayu. Ƙarin lokacin da ake nema na miƙa takarda ne, kuɗin yana nan a ranarsa. Biyan ƙiyasi a mafi yawan jihohi yana faɗowa 15 ga Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. A New York da IT-2105, a New Jersey da NJ-1040-ES. Tarar jinkirin cike fom a New York kashi 5 ce a kowane wata har zuwa 25, ta jinkirin biya rabin kashi ɗaya a wata, ban da kuɗin ruwa. Don haka wanda ba shi da kuɗin biya ma ya miƙa fom a kan lokaci, sannan ya nemi biya kaɗan kaɗan.

In ka gano cewa a shekarun baya ba ka nemi rangwame ba, ko ka bar New York ta caji duk albashinka, ana gyarawa. Yawancin jihohi suna ba da shekara uku, California huɗu. Gyara fom ɗin baƙo yana canza rangwame, saboda haka na jihar zama ma sai an gyara. Shekarar da ba a cike fom ba kuwa ba ta rufewa, jiha tana iya waiwayarta ko bayan shekara goma. Jihohi da yawa suna da shirin kai kanka kafin su gano ka, inda ake yafe tara; a New York ana nemansa ta shafin hukumar haraji, amma ƙofar tana rufewa da zarar sun fara bincikenka.

Idan za ka ba wani ya cike maka, tambaye shi tun farko jihar da zai fara da ita da kuma yadda zai raba akwati na 16. Duk mai cikewa don kuɗi dole ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN, wato lambar shaidar da IRS ke ba masu wannan sana'a. Wanda ya ƙi, ka ɗauki takardunka ka tafi, domin kai za a tuhuma. Cibiyoyin VITA, na 'yan sa kai masu taimakon cike fom ɗin haraji, suna yi kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi, sai dai ba kowace ke karɓar fom ɗin jiha fiye da ɗaya ba, a kira a tambaya kafin a je. Wasiƙar hukumar haraji kuma tana zuwa da wa'adin amsawa a rubuce a jikinta. Amsa kafin ranar, haɗa kwafin W-2, fom ɗin ɗaya jihar da jadawalin kwanakinka, ka aika ta hanyar da za ta ba ka shaidar isarwa.